Guzurin Akoth

A unguwar Nyalenda, cikin birnin Kisumu, duk wanda ya san rumfar kifin Nyar Seme ya san Awiti, domin ita ce a bakin kasko. Uwar na kan kujerar roba tana ba da umarni, 'yar na gaban wuta tana juya karfasa cikin mai, tun daga lokacin da masu kwale-kwale suka sauke kamu a Dunga, bakin tafki, har rana ta karkata. Doguwa ce, ta haura shekara talatin, ba ta da yawan magana da masu saye. A saman kunnenta na hagu akwai huda guda wadda ba a taɓa sa mata ɗan kunne ba, kuma daga wannan hudar labarinta ya fara.

Kafin a haife ta, Nyar Seme ta binne 'ya'ya uku a jere, babu wanda ya kai ga tsayawa da ƙafafunsa. Da ta huɗu ta zo, tsofaffi suka ce a yi abin da aka saba. Aka naɗe jaririyar cikin zane, aka kai ta bakin ƙofar gida ana yayyafi, aka ajiye a ƙasa, kowa ya juya baya ya shige ciki. Wata tsohuwa maƙwabciya, wadda dama an shirya da ita, ta zo wucewa ta ɗauke ta, ta huda mata kunne, ta shigo tana cigiyar mai son riƙon 'yar tsintuwa. Nyar Seme ta taɓe baki ta ce a ajiye mata, tunda babu yadda za a yi. Aka sa wa yarinyar Awiti, sunan da ake sa wa wadda aka yar. Dabarar ita ce, in mutuwa ta sake leƙowa neman ɗan gidan, a ce mata babu, wannan ta hanya ce.

Yawancin iyaye da yaro ya yi ƙwari sai su manta da zancen, ya zama abin dariya ranar biki. Nyar Seme ba ta manta ba. Mace ce mai zuwa coci, tana cikin mawaƙa, ta san Littafi fiye da wasu masu wa'azi, amma tunda aka shigo da jaririyar nan daga ƙofa bakinta bai taɓa furta “'yata” ba. “Ke 'yar hanya” take kiranta. In baƙo ya ce mata uwar Awiti, ko waiwayowa ba ta yi, shi ya sa kowa ya tsaya a kan kiranta da sunan garinsu, Nyar Seme, wato 'yar Seme. Ta yi wa yarinyar duk abin da uwa ke yi, har da ƙari. Ranar da zazzaɓi ya kama Awiti tana aji uku, da ƙafa uwar ta goya ta zuwa asibiti, tana tafe tana faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa 'yar mutane ce aka bar mata.

Mijin, direban motar haya, ya rasu Awiti na sakandare, gida ya rage su biyu. Da ta gama, ta sami gurbi a wata makarantar koyon girki a Nairobi. Ta zo da murna ta faɗa.

“Tafi mana,” in ji uwar, ba ta ko ɗago kai daga gyaran ganye ba. “Wa ya riƙe ki? Ni na haife ki da zan hana ki?”

Da yamma ta tuƙa ugali, tuwon masararsu, ta zuba wa Awiti, ta kife nata kwanon. Washegari ma haka. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaure fuska ba, har akwati ta aro mata a maƙwabta. Ta dai daina ci ne kawai, leɓɓanta suka bushe, har ranar Lahadi ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar waƙa. Awiti ta kwance akwatin ta mayar wa masu shi. Bayan wasu shekaru wani bakanike daga Busia ya zo da maganar aure, mutumin kirki, yana son ya tafi da ita garinsu. Uwar ta yabe shi, ta ce tafi mana, ta kife kwano. Bakaniken ya jira har ya gaji ya auri wata.

Abin da ke ba ni haushi a wannan labari shi ne yadda mutanen unguwa ke yabon Awiti da biyayya. Wace biyayya? Ita fa ba a taɓa hana ta komai ba, balle ta yi biyayya. Da uwar za ta buɗe baki ta ce kada ki tafi, da an yi faɗa, an yi kuka, an kira fasto da kawunai, an tsayar da magana. Awiti ta sha tsara wannan faɗan a ranta tana gaban kasko, ta tanadi amsar kowace magana. Amma babu yadda za ka yi gardama da wanda ya ce maka tafi. Haka ta zauna, tana son uwar, tana jin haushinta, tana kuma jin kunyar haushin.

Abu ɗaya ne nata na kanta, shi ne yammacin Lahadi. Wata rana ta kai abinci shagon buga takardu na wani Simiyu, mutumin Bungoma mai tumbi da gilashi, wanda yawancin aikinsa katin biki ne da takardun jana'iza masu ɗauke da tarihin mamaci. Ta tarar da manyan mutane a bayan shagon sun kewaye tebur suna ihu a kan wani dodo mai aman wuta da ya tare gada. Ta tsaya da kwanuka a hannu, ta ce ai da sun bi ta ƙarƙashin gadar. Suka dube ta, sannan aka jawo mata kujera, ashe wasa suke yi.

Wasan ba shi da wuya. Mutum ɗaya ke jan labari, Simiyu ke nan: shi ne daji, shi ne hanya, shi ne bakin duk wanda za a gamu da shi. Sauran kowa ya ƙirƙiri mutum guda, ya rubuta shi a takarda, ya riƙa magana a madadinsa, a ɗora masa murfin kwalba a kan taswira don a san inda yake. In mutuminka zai yi abu mai haɗari sai ka jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska ashirin. Babbar lamba nasara, ƙarama ka sha ƙasa. Kafin a fara kuwa, sai ka zaɓa wa mutuminka asali daga cikin littafin wasan: ko manomi ne, ko ɗan gidan sarauta, ko maƙeri, ko ɗan jirgin ruwa, da abin da ya raba shi da gida. Shekara da shekaru Awiti ta yi ɓarauniya, ta yi maharbiya, ta yi matsafiya, kuma dukansu marayu ne, ba uwa ba uba ba wanda zai tambayi inda za su. Ba ita kaɗai ba, kowa a teburin haka yake yi, don maraya ya fi sauƙin ɗauka a fita da shi.

Ranar da za a fara sabon labari, Simiyu ya cire gilashi ya ajiye, alamar zai yi doka.

“Na gaji da marayu,” ya ce. “Allah ya sani na gaji. Duk mamacin da na buga wa takarda, danginsa kaɗai shafi biyu suke ci. Ku kuma kullum ku zo min da mutum kamar daga itace ya faɗo.”

“Ni dai nawa an ƙone garinsu ne,” in ji Ouko, mai haya da babur, wanda ba a raba shi da tsokana.

“Sau nawa za a ƙone garin nan naku, Ouko? 'Yan kwana-kwana ma sun daina zuwa. Wannan karon kowa zai zaɓi asali mai dangi da rai. Ka faɗa min wa ka bari a gida, da abin da ya ce maka a bakin ƙofa. Wanda bai faɗa ba, mutuminsa ba ya fita.”

Ouko bai ɓata lokaci ba, ya ce nasa ɗan maƙeri ne, ubansa ya kore shi saboda ci, har yana yi masa addu'ar Allah ya haɗa shi da mai ciyar da shi. Aka yi dariya aka wuce. Chebet, 'yar Kericho mai aiki a kantin magani, ta ce tata 'yar gidan sarauta ce, kakarta ta aike ta neman wani zobe, ta kuma gargaɗe ta kada ta dawo da miji gajere. Aka zo kan Awiti. Ta daɗe tana bin shafin da yatsa, sannan ta ce tata tsintacciya ce.

Ouko ya buga tebur. “Awiti ta zaɓi tsintacciya! Ke, wannan ai ba wasa ba ne, katin shaidarki kika kwafo.”

“Ci gaba da magana, ka ga wanda zai ƙara maka kan kifi gobe.”

“Na tuba, uwar ɗakina.”

“Tsintacciya ba laifi,” in ji Simiyu. “Amma ai wani ya tsince ta. Wa ya rene ta?”

“Wata mata. Mai suyar kifi.”

“Tana raye?”

“Tana raye.”

“To me ta ce da yarinyar za ta tafi?”

Awiti ta ture littafin gefe. Ta ce a ba ta zuwa mako mai zuwa. Ko suna ba ta sa wa yarinyar ba, gurbin ya zauna fari a kan takarda.

A ranar ce kuma, suna fitowa, Chebet ta ja ta gefe. Yayanta ne shugaban masu girki a wani otal a bakin teku, wajen Kilifi, yana neman wanda ya san kifi da gaske, ba 'yan takardar shaida ba. Akwai ɗaki, akwai albashi, akwai hutu. Ya taɓa cin suyar Awiti da ya zo Kisumu, ya ce in tana so nata ne, amma yana son amsa kafin wata ya ƙare.

“Kin haura talatin, Awiti,” in ji Chebet. “Irin wannan ba ya zuwa kullum. Ke ko teku ba ki taɓa gani ba.”

Gaskiya ne, tafkin da ta buɗe ido ta gani shi kaɗai ta sani. Ta riƙe maganar kwana biyu tana juya ta, sannan ta faɗa wa uwar suna fere albasa.

“Kilifi? Wuri mai kyau, an ce. Tafi mana. Dama 'yar hanya ai hanya take bi.”

Da yamma kwano ya kife. Awiti ta gan shi, ta ji zuciyarta ta yi nauyi irin na da, har da gajiya a kai, don ta san kowane mataki na abin da zai biyo baya. Wannan karon ta ƙudura ba za ta kula ba. Ta ci nata abincin a gaban uwar har da suɗe hannu, ta shiga ɗaki ta yi amai.

Lahadi ta zagayo, Simiyu ya ce tunda ta kasa faɗa, a buga abin a gani, shi zai zama uwar. Ya yafa tawul a ka, ya maƙe murya, ya kama kururuwa yana dafe ƙirji. “Wayyo 'yata! Kada ki tafi ki bar ni! Dodanni za su cinye ki!” Ouko har da faɗowa daga kujera.

“Ba haka uwa take yi ba,” in ji Awiti.

“To yaya take yi?”

“Cewa za ta yi, tafi.”

“Shi ke nan ai! Ƙofa a buɗe, ɗauki jakarki ki fita.”

“Ba ta fituwa.”

“Me ya tare ta?”

“Ba komai.”

Simiyu ya sosa ƙeya ya buɗe littafinsa. A ciki akwai lambar da za ka jefa ka ɓalle ƙofar ƙarfe, akwai ta haura katanga, akwai ta lallashin mai gadi. Babu ta ƙofar da take a buɗe. Ya ce to doka doka ce, yarinyar ta tsaya nan har ta san abin da take ciki. Murfin Ouko da na Chebet suka haye kogi, suka shiga dajin ƙaya, suka yi faɗa da 'yan fashi, murfin Awiti na gefen taswira inda aka zana ɗan gida. Duk wanda ya tashi shan ruwa sai Ouko ya ce ya gaida mai gadin ƙofa. Awiti na dariya tare da su, amma ranta a ɓace yake ƙwarai, don nan ne kaɗai wurin da ta saba tafiya, ga shi nan ɗin ma an tsayar da ita.

Lahadin ƙarshen wata ta zo da ruwan sama tun safe. Ga shi wani dattijo mai dangi da yawa ya rasu, shagon Simiyu ya cika da tarin takardun jana'iza har kan teburin wasa. Ouko ya kawo shawarar a koma rumfar kifi tunda an tashi daga cinikin rana. Awiti ta ce a'a, amma kafin ta rufe baki ya riga ya ɗora Simiyu a bayan babur.

Nyar Seme na kan kujerarta, ta rame, idanu sun faɗa, shayi baƙi kaɗai take kurɓa tun ranar zancen Kilifi. Ta ga an baje taswira an zubo ƙwaya.

“Caca? A rumfata? Ranar Lahadi?”

“Haba Mama, ko sisi babu a ciki,” in ji Simiyu, ya rusuna ya gaishe ta. “Labari ne kawai muke yi.”

“Ƙato da kai, da tumbi da gilashi, kana labari da murfin lemo. Matarka ta san inda kake?”

“Ita ta koro ni, Mama.”

Ta yi tsaki, amma ba ta tashi ba. Ruwa na dukan kwanon rufi, aka fara. Simiyu ya ce yau dai sai an fitar da yarinyar nan ko ta halin ƙaƙa, ya sake yafa tawul ya kama kururuwarsa.

“Wace ce wannan?” Nyar Seme ta tambaya.

“Uwar yarinyar ce, wai za ta tafi duniya.”

“Uwa ce wannan ko akuya aka taka wa wutsiya?”

“To Mama, ki zo ki nuna masa mana,” in ji Ouko.

“Ouko, kama bakinka,” in ji Awiti da sauri. Amma tsohuwar ta riga ta miƙe, tana dafa bango, ta jawo kujerarta zuwa teburin. Simiyu ya nuna mata murfin da ke bakin ɗan gidan da aka zana.

“Yarinyar ta gaske ce?”

“A'a Mama, ta takarda ce.”

“Tana mutuwa?”

“In ƙwaya ta ƙi, tana iya mutuwa. Amma a wannan duniyar tawa ba a nan take ƙarewa ba. Akwai masu addu'a da ke dawo da wanda ya mutu.”

“Ana dawo da su?”

“Ana dawo da su, Mama.”

Nyar Seme ta ƙura wa taswirar ido, har Ouko ya daina murmushi. Sannan ta tambayi sunan yarinyar. Simiyu ya duba takarda ya ce ba a sa mata ba tukuna.

“Sunanta Akoth,” in ji Nyar Seme. “Ana ruwa aka haife ta.”

Awiti ta ɗago kai. Akoth shi ne sunan da ake sa wa mace in an haife ta ana ruwan sama, kuma ta san ranar da aka ajiye ta a ƙofa yayyafi ake yi. Ashe tana da suna tun farko, an dai ɓoye ne.

Tsohuwar ba ta dubi Awiti ba ko sau ɗaya. Murfin ta duba, ta kai yatsa ta taɓa shi.

“Akoth,” ta ce. “'Yata. 'Yata ta cikina. Ina za ki? Uku na binne, ke kaɗai aka bar min. Tun kina tsumma kullum da asuba sai na tsaya a kanki na ga ƙirjinki na motsi kafin in hura wuta, har yau ban fasa ba. In kin tafi, a kan wa zan tsaya? Kada ki tafi. Ban yarda ba, kin ji? Ban yarda ba.”

Chebet ta sunkuyar da kai tana share ido. Ga faɗan da Awiti ta shekara goma sha wani abu tana jira ya zo har gabanta, ga amsoshin da ta tanada, na albashi, na hutu, na wayar da za ta riƙa bugowa kullum. Ta neme su ta rasa ko ɗaya. Abin da ke kunnenta kawai shi ne kalmar nan, 'yata, da muryar uwarta, kuma daɗin da ta ji bai da misali, duk da ba ita aka duba aka faɗa wa ba.

Simiyu ya rasa inda zai sa kansa, sai ya fake da doka. Ya tura mata ƙwayar, murya ƙasa-ƙasa. “Akoth za ta lallashi uwarta. Jefa.”

Ta jefa. Ƙwayar ta gangara ta bugi kwalbar yaji ta tsaya. Ashirin, lambar da babu sama da ita.

“Ashirin!” Ouko ya fara ihu, sai ya tuna inda yake ya haɗiye sauran.

“Me ta ce, ƙwayar?” in ji Nyar Seme.

“Ta ce kin haƙura, Mama. Kin bar ta ta tafi.”

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali. “To. Tunda ana dawo da su. Allah ya kiyaye hanya, 'yata, ki kula da ruwan da za ki sha. Amma tsaya, ba a fita da ciki wofi.” Ta tashi ta je wajen kasko, ta zaɓi karfasa mafi girma cikin waɗanda suka rage, ta barbaɗa gishiri, ta naɗe a takarda da yankan lemun tsami, ta kawo ta ajiye a gefen murfin. Simiyu ya ɗaga murfin da yatsu biyu ya tsallakar da shi ƙofar. Sannan ta juyo, karon farko, ta dubi Awiti.

“Ke 'yar hanya, kina zaune wutar can za ta mutu.”

Awiti ta tashi ta je ta gyara wuta.

Da aka tashi daga wasa ruwa ya tsagaita, mazan suka tafi, Chebet ta bi ta bayan rumfa inda take wankin kasko.

“Kin ji da kunnenki, ta sa albarka. In buga wa yayana?”

“Ba ni ta sa wa ba.”

“Haba Awiti! Wa take nufi in ba ke ba? Kowa a wurin ya gane.”

“Na san ni take nufi. Har da kada ki tafin, ni take nufi.” Ta ci gaba da goga kaskon da toka. “In na tafi Kilifi, wa zai riƙe Akoth? Wa za ta faɗa wa?”

“Murfin kwalba ne fa!”

“Na sani. Ki ce wa yayanki na gode, ya ba wani.”

Chebet ta yi fushi sosai, ta kira ta wawuya, ta kira ta matsoraciya, ta yi kusan wata ba ta yi mata magana sai a bakin 'yar sarautarta. Ni ban ga laifin Chebet ba. Amma ita ba ta yi shekara talatin tana jiran kalma guda ba, balle ta gane cewa a wuri ɗaya kaɗai ake samunta. Awiti ba ta faɗa wa uwar ta fasa ba, uwar ba ta tambaya ba. A ranar nan, kafin magariba dai, kwanon da aka kife ya tashi, Nyar Seme ta ci ugali da kan kifi har ta nemi ƙari.

An ba wani aikin Kilifi. Awiti na nan a bakin kasko, furfura ta fara leƙo mata a goshi. Akoth kuwa ta yi nisa. Ta ƙetare dajin ƙaya, ta hau raƙumi, ta kashe dodo mai kai biyu, ta shiga jirgi ta ga teku, wanda Simiyu ya siffanta mata daga abin da ya gani da ya je Mombasa biki. Sau ɗaya ta mutu a wani kogo, ƙwaya ta ƙi, Nyar Seme ta hana kowa sakat har aka kai gawar wurin masu addu'a aka dawo da ita. Duk yammacin Lahadi in Awiti ta dawo, tsohuwar na bakin rumfa tana jira. “Ina 'yata ta kai yau? Ta sami wurin kwana? Wannan ɗan maƙerin mai ci bai cinye mata abinci ba?” Awiti sai ta zauna a kan bokiti ta ba ta labari tiryan-tiryan, wani lokaci har da ƙari, don a ja hirar.

Kuma duk Lahadi bayan coci, in Awiti ta ɗauki jakarta za ta shagon Simiyu, wanda layuka kaɗan ne tsakaninsa da rumfar, sai ta tarar da ƙunshi a kan tebur, mai ya fito ta jikin takardar.

“Ke 'yar hanya, ungo. Ki kai wa 'yata, ki ce ta ci da zafinsa.”

Takan karɓa da hannu biyu, ta kai, ta ajiye a gefen murfin. Ouko ne ke cinye rabi, Simiyu da Chebet su raba saura. Sun sha yi mata tayi, ba ta taɓa kai hannu ba. Ta ce ba ita aka aiko wa ba.